Na gwada masu girkin sadaka da rabawa a Kano: girkin ya yi, rabon ne da sauran gyara

Assalamu alaikum jama'a. Tun bayan da muka yi sadakar mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta, mutane suke ta tambayata kan matar nan da muka ba aikin girkin, wasu suna son su ma su bata nasu, wasu kuma tambayarsu wai da gaske abincin nan yana kaiwa ga masu buƙata ko kuɗin mutum ne kawai yake tafiya a banza, to nace bari na zauna na rubuta yadda abin ya kasance tun daga tukunya har hannun wanda ya ci. Sunanta bazan saka ba saboda ban nemi izininta ba, kuma akwai wuraren da zan faɗi gyara, bana son ya zama tozarci ga baiwar Allah da take neman halalinta.

Ga wanda bai san irin wannan sana'ar ba, yanzu a Kano ta yi yawa. Mata ne masu girkin biki da suna, sai suka ƙara da na sadaka. Kai dai ka tura kuɗi ka faɗi tekawe nawa kake so da irin abincin, ita zata yi cefane ta dafa ta zuba, yaranta su ɗauka a adaidaita sahu su je su raba, sai a turo maka bidiyo a WhatsApp. Mu shida ne a ɗakinmu, biyu basa gari, kowa da aikinsa, matanmu kuma babu wacce take da tukunyar da zata ɗauki girkin mutum ɗari biyu da hamsin, shi yasa yayarmu ta kawo shawarar a bata. Ta bamu zaɓi uku, shinkafa da wake da mai da yaji shine mafi sauƙi, sai dafa-duka da ƙwai, sai mai nama. Muka ɗauki na tsakiya, naira 1,300 kowanne har da fiya wata guda, tekawe 250 ya kama 325,000, sai dubu goma na adaidaita. Ta ce a bata kaso biyu cikin uku kafin ranar, ragowar in an gama, wannan ma ya kwantar min da hankali.

Ni dai nace sai na gani da idona. Ranar Juma'a ƙarfe bakwai na safe ina ƙofar gidan, nayi sallama aka ce na shigo tsakar gida. Manyan tukwane uku a kan murhu, hayaƙin itace ya cika ko'ina, mata biyar suna aiki, biyu na ɓare ƙwai a babbar roba, ɗaya na yanka albasa hawaye na zuba tana gogewa da gefen hijabi. Hajiyar tana zaune a kujera 'yar tsuguno da littafi a cinya, tana ganina tace "Alhaji ƙarami ka zo duba mu ke nan, to bismillah, nan babu ɓoye-ɓoye." Ta sa aka buɗe min buhun shinkafar, 'yar gida ce amma gyararriya, na damƙo a hannu na baza ban ga tsakuwa ba, ta nuna min rasit ɗin mai da magi na kasuwar Singa, kayan miya kuma da asuba yaronta ya ɗauko daga kasuwar 'Yankaba. Tace min kwano ɗaya na shinkafa tekawe goma sha biyu take fitarwa ba ta wuce haka, duk wanda yace maka zai fitar da ashirin to ka san cokali uku zai zuba wa bayin Allah ya rufe.

Na tambayeta maganar afafata, don tun 2024 da tsadar abinci ta kai mutane bango, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan ɓarzajjiyar shinkafar da a da kifi da kaji ake ba ita ta koma cikin tukwanen mutane, kuma na sha jin ana cewa wasu masu girkin sadaka ita suke saye su caji kuɗin mai kyau, tunda sun san almajiri bazai kai ƙara ba. Ta girgiza kai tace "abin da bazan zuba wa 'ya'yana ba, bazan zuba wa ɗan wata ba, Allah ma cewa Yayi kada a nufi mummuna a bayar." Ban tsaya a maganar baki ba, da aka fara zubawa na miƙa hannu tsakiyar tarin na zaro guda ɗaya da kaina na zauna a benci na ci. Wallahi dafa-dukar ta yi, gishiri daidai, mai bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba, akwai ƙamshin daddawa da busasshen kifi a ciki, ƙwan guda ne cikakke ba rabi ba, kuma na ƙoshi har na rage. Na ƙirga tekawen da aka jera, 250 cif. Ta ɓangaren amana da ɗanɗano ba ni da abin cewa sai Allah Ya saka mata.

Ƙananan gyare-gyare akwai. Robar tekawen irin mara kaurin nan ce, ta ƙasa tana lotsewa in an jibga, kusan goma sun fashe a hanya. Wasu babu cokali. Babbar matsalar kuma da zafinsa suke rufewa, tururin ya koma ciki, kuma lokacin zafi ne, wanda ya san Kano a watan Afrilu ya san rana tana haura digiri 40, shinkafar da aka rufe ƙarfe goma sha ɗaya cikin buhu zuwa la'asar ta fara gumi tana sauya wari. Wannan ba ƙaramin abu bane ga wanda in cikinsa ya ɓaci ba shi da banɗaki sai ya biya kuɗi.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci, wato rabon.

Na bi yaran a babur ɗina. Suka nufi ƙofar wani babban masallacin Juma'a, suka ce nan suke kaiwa kullum. Tun kafin adaidaitan ya gama tsayawa an yanyame shi, hannu ta ko'ina, ta taga ta baya, direban yana ihu kada a karya masa madubi. Yaron bai gama kwance bakin buhu ba aka fizge shi. A gabana wani ɗan almajiri da bai fi shekara bakwai ba ya faɗi, aka taka robar baransa ta tsage biyu, ya tashi yana kuka ba don abincin ba, robar yake kallo. Ƙattin samari masu ƙarfi kowa ya kwashi biyu uku, na bi ɗaya da ido har ya tsallaka titi ya miƙa wa wani mai faci ya karɓi kuɗi ya dawo layi. Can gefe jikin katanga wata tsohuwa makauniya ce zaune da 'yar jagorarta, yarinyar ta yunƙura sau biyu tana komawa don ta san in ta shiga za a tattake ta, har buhu na biyu ya ƙare ko ɗaya bai kai wajensu ba, sai da na shiga da kaina na ƙwato biyu na kai musu. Tsohuwar ta lalubo hannuna ta riƙe tace "ɗan nan sadakar wa ce?" nace ta mahaifiyata ce Iya, ta ɗaga hannu tayi mata addu'ar da har yau in na tuna sai idona ya ciko.

Ina tsaye a wurin abin da yake zuwa min a rai shine Ibadan, Disambar 2024, yara 35 suka mutu a turmutsitsin rabon abinci da kuɗi, cikin satin kuma aka sake yi a Okija ta jihar Anambra da wata coci a Abuja. Nan kusa da mu a Bauchi ma watan Maris na 2024 mata sun rasu wajen rabon zakka. Mu namu ƙarami ne amma hanyar ɗaya ce, ka tara mayunwata wuri guda ka buɗe buhu a tsakiyarsu ba layi ba tsari. Da wani abu ya sami yaron nan da wane ido zan kalli sadakar?

Sai maganar bidiyo. Ɗaya daga cikin yaran Hajiya ya tara almajirai kamar goma ya jera su, yace kowa ya ɗaga tekawe sama su ce Allah Ya jiƙan Hajiya, wato mahaifiyarmu, suka faɗa, yace bai ɗauka ba a sake, suka sake, yace da ƙarfi, sau uku ana yi yara na riƙe da abinci suna haɗiyar yawu ba a barsu sun buɗe ba. Nace masa ya kashe wayar nan. Yace "yallaɓai ai ku muke yi wa, in babu bidiyo cewa za a yi mun cinye." Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, mu masu bayarwa mu muka koya musu. Amma mahaifiyata da na sani, wacce in zata ba maƙociya tsaba sai bayan magariba take aika mu ta ce mu bi ta lungu kada a gani, ba zata so a jera 'ya'yan mutane a rana saboda ita ba. Kuma duk mun san ayar da ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa.

Wani abin da na lura, muna nan tsaye motoci uku suka zo wurin da nasu abincin, ɗaya ma fanke da kunu. Wato ranar Juma'a a ƙofar masallacin nan abinci har ya yi yawa, na ga tekawe rabi a yashe a kwata. Na tambayi wani gurgu mai keken hannu yaya ranar Talata take, yayi murmushi yace "Talata sai Allah."

Nan na tsayar da rabon, saura buhu biyu da wani abu, kusan tekawe ɗari. Direban adaidaitan, wani bawan Allah ɗan Kurna mai hankali, shi yace mu je asibiti. Muka je wani babban asibitin gwamnati a cikin gari, muka nemi izini a bakin ƙofa, muka zaga inda masu jinya suke shimfiɗa tabarma a baranda da gindin bishiya. Mutanen ƙauye ne akasari, wasu daga Jigawa wasu Katsina har da 'yan Nijar, sun kawo mara lafiya kuɗin duk ya tafi a magani da gwaji, sati biyu uku suna kwana a siminti. Babu wanda ya taso, babu wanda ya miƙo hannu. Na ajiye wa wata mata a gabanta ta ɗago tace "nawa ne?" nace sadaka ce Baba, tayi shiru sannan ta jawo ta raba biyu ta tashi yaron da ke barci a gefenta. Cikin minti ashirin muka gama ba hayaniya, kuma na tabbata kowanne cikin ciki ya shiga.

Wannan ranar ce ta sa na kasa barci, na riƙa tunanin to su waɗanda ba su da wurin kwana kwata-kwata fa, ina suke a lokacin da ake rabon rana? Sati biyu bayan nan na koma wajen Hajiya da kuɗina ni kaɗai nace tekawe 60 nake so amma girkin yamma, kuma ni zan raba. Ƙarfe goma na dare muka fita da direban nan. Wallahi an haife ni a Kano na girma a Kano amma ban san garin nan ba sai daren. Ƙarƙashin gadar sama, barandar shagunan da aka rufe wajen Sabon Gari da Fagge da bakin Kwari, cikin tasha tsakanin motoci, gefen layin dogo, mutane ne kwance jere a kan kwali, wani ya yi matashi da takalminsa don kada a sace, wani ya ɗaure buhunsa a ƙafa. Kuma yawancinsu ba mabarata bane. 'Yan dako ne, masu tura baro, 'yan jari bola, 'yan ga-ruwa, 'yan ci-rani da suka zo bayan girbi, da rana suna cikin kasuwa suna aiki shi yasa ba ka ganinsu a layin sadaka. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Zamfara da Katsina, har da mata da goyo sun keɓe gefe guda sun kewaye kansu da zani. Akwai masu taɓin hankali. Akwai yaran da suka gudu daga makarantar allo ko daga gida, waɗannan su suka fi tayar min da hankali don wasu kana ganin idonsu ka san sun fara shaƙe-shaƙe.

Wani dattijo da na tarar zaune yana jan carbi a barandar wani shago, gemunsa fari tas, na durƙusa na gaishe shi na bashi, ya karɓa da hannu biyu yace na zauna. Daga wajen Zamfara yake, an ƙone musu gari, iyalinsa suna wajen 'yan uwa a wani gari shi ya taho neman abin da zai aika. Baro yake haya kullum a kasuwa, kafin ya ci ko sisi sai ya fara cire kuɗin mai baro, sannan na gidan wanka, sannan ɗan abin da yake ba maigadin layin don ya barshi ya kwanta ya kuma ajiye masa jakarsa da rana. Nace Baba me ya fi damunku a nan? Yace "ɗana, Kano garin alheri ne, in azumi ne ko Juma'a abinci har sai ka ture. Wurin da mutum zai sa haƙarƙarinsa ne babu. In ruwa ya sauko a tsaye muke kwana, in hunturu ne kuma sai dai mu ƙona kwali, gobe ka rasa na shimfiɗa." Ya buɗe abincin ya ci loma uku ya rufe, yace sauran na safe ne. Nan na tuna maganar rufe shinkafa da zafi, na ji kunya ta kama ni, don ban san ko zata kai safen ba.

To masu tambaya ko tallafi yana amfani, ga abin da na fahimta daidai gwargwado. Masu cewa a daina ba da abinci wai shi yake ƙara bara, ina roƙonsu su fita ƙarfe sha ɗaya na dare su ga mai baron da ya wuni bai samu lodi ba. Yunwa ba ta jiran a gyara ƙasa, tekawe ɗaya yana raba mutum da kwanan wahala kuma ladansa yana nan. Amma kada mu yaudari kanmu, tekawe 250 da muka raba ko mutum ɗaya bai tashi daga ƙarƙashin gada ba saboda su, washegari kowa yana inda yake.

Na gwamnati kuma mun ga iri-iri. An yi dokar hana bara a titi a ƙarshen 2013 zamanin Kwankwaso, Ganduje ya sake sanar da hanawa a Fabrairun 2020, da korona ta shigo aka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, yau ka tsaya a kowace danja ka ƙirga da kanka. Kamawa da korawa ba ta cika ciki, yaron da aka mayar gidan da babu hatsi dawowa zai yi. Ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 kan naira 70 kowane yaro ya taimaki masu zuwa makaranta lokacin da ake yi, amma yaron da ke kwana a tasha ai ba ya cikin rajistar kowace makaranta. Haka tallafin kuɗi, na dubu biyar-biyar zamanin Buhari da na 25,000 da aka sanar a 2023, duk ta rajistar magidanta ake bi, ana zuwa unguwa ko ƙauye a rubuta gidaje, na 2023 kuma har da neman NIN da asusun banki ko lambar waya. Na tambayi Baban nan ko an taɓa rubuta shi, yace katinsa ya ƙone da ɗakinsa, wayarsa kuma an zare ta yana barci tun watan da ya zo. Wanda ba shi da gida ba shi da mai unguwa, wanda ba shi da mai unguwa kuwa babu mai sa sunansa a takarda, tsarin gaba ɗaya an gina shi ne a kan mai adireshi. Muna da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, an kafa hukumar almajirai da yaran da basa zuwa makaranta ta ƙasa a 2023, ina fatan wata rana cikinsu wani zai yi tunanin ɗakin kwana kawai, rumfa mai ƙofa da banɗaki da famfo da inda mutum zai kulle jakarsa, ko da ɗari biyu za a riƙa biya.

Ciyarwar azumi ta gwamnatin jiha ita ma tana rage zafi, na sha ganin layin kunu da ƙosai da shinkafa a cibiyoyin, duk da a 2024 gwamna Abba da kansa ya kai ziyarar bazata wata cibiya ya nuna ɓacin ransa kan abin da ya tarar ana ba mutane. Amma ko an yi ta da kyau kwana talatin ce, ana ganin watan Sallah an kife tukwane, cikin kuma bai san an sha ruwa ba. Shi yasa nake ganin girman irin gidan Hajiya Mariya Sanusi Dantata, da duk ɗan Kano ya san shekara da shekaru ana ɗora tukunya saboda mabuƙata, don abin da talaka yake buƙata shine ya san gobe ma akwai.

Kuma in muka duba ai da can muna da namu tsarin ba tare da an kira shi tsari ba. A gidanmu cikin birni akwai kwanon almajiri, kullum da shi ake kwasar tuwo, almajirin gidanmu mun san sunansa mun san malaminsa mun san garinsu, in bai zo ba mahaifiyarmu sai ta aika a dubo ko lafiya, in Sallah ta zo da shi ake ɗinki. Zauren gidan kuma ba a rufe shi sai baƙo ya shigo, fatake da masu ci-rani nan suke kwana har su kama hanya. Yanzu gidajen da muke ginawa get ne da doguwar katanga da waya a sama, babu zaure, masallatan unguwa ma ana idar da isha ake sa kwaɗo saboda ɓarayin amfilifaya da batir, ban ce ba su da hujja ba, amma mutanen da a da zaure yake ɗauka su ne yanzu a barandar shago. Mun rufe zaure mun koma aika tekawe ta hannun wanda shi ma bai san sunan mai karɓa ba.

Na koma na zauna da Hajiya na faɗa mata duk wannan ba ɓoyewa. Gaskiya ta bani mamaki, ba ta yi fushi ba, tace "ɗana ka faɗi gaskiya, amma ka sani cikin masu bani aiki goma, takwas sai sun ce ina bidiyo, wasu ma so suke a ambaci sunansu su sa a sitatus." Muka yi yarjejeniya a nawa aikin za a ɗauki hoton abincin a jere a gida kafin a fita, ba fuskar kowa. Ta yarda ta riƙa barin shinkafar ta sha iska kafin a rufe, ta canza roba zuwa mai kauri da ƙarin naira hamsin, kuma yanzu in ka bata aiki tana tambaya wace rana kuma ina, asibiti ko makarantar allo ko dare, maimakon kowa a kai shi ƙofar masallaci. In makarantar allo ce a hannun malam ake damƙawa yara su zauna a ci a nutse, na gwada sau ɗaya ya fi tsari nesa ba kusa ba, kuma da kula babba aka kai aka zuba musu a robobinsu, kuɗin tekawen ya koma ƙarin abinci.

Abin da har yanzu bata gyara ba, yaranta basa cika lokaci, in an ce tara sai goma da rabi, ranar Juma'a kuma ko ka kira sau goma ba a ɗauka. Farashi ma tana iya ƙarawa ba ta sanar da kai ba sai ka zo biyan ciko, sau ɗaya mun ɗan yi sa-in-sa a kan haka, na san kasuwa ce take hawa amma a faɗa wa mutum tun farko. Kuma in ka bar wa yaran rabon ba ka ce komai ba, to inda ya fi kusa za su kai su juye su dawo. In maki zan bayar, girki da amana tara cikin goma, rabo huɗu in an barsu su kaɗai. Zan ce a bata aiki, amma kada ka tura kuɗi ka kwanta, ko sau ɗaya ne ka bi abincinka ka ga inda yake sauka.

Mu dai a gidanmu mun canza. Maimakon mu tara mu yi 250 rana ɗaya, kowa yana saka abin da ya sawwaƙa duk wata, Hajiya tana dafa 30 duk daren Talata, shinkafa da wake ne yanzu don ya fi riƙe ciki ya fi kai wa safe, ni da ƙanina muke kaiwa layi biyu da muka sani, wata na biyar ke nan. Yanzu mun san su sun san mu, in wani baya nan ana faɗa mana ko ya tafi gida ko yana kwance, sau biyu mun kai mutum kemis, ɗaya kuma kuɗin mota kawai yake nema ya koma garinsu, wata uku yana tarawa ana sacewa. Baban nan mun haɗa mun saya masa baro na hannu, kuɗin bai kai na tekawe talatin ba, yanzu abin da yake ba mai baro kullum shi yake ajiyewa wajen wani mai shago. Har yanzu a barandar yake kwana. Su huɗu suna son su kama ɗaki ɗaya can wajen Bachirawa amma mai gidan yace sai kuɗin shekara a dunƙule kuma sai sun kawo wanda zai tsaya musu, na ce zan tsaya, kuɗin ne bai cika ba tukuna. Cikin yaran tasha kuma akwai wani ɗan siriri mai tabo a goshi da kullum shi yake fara tarar mu, sati uku ke nan ba mu ganshi ba, abokansa wani yace an kama shi wani yace ya bi mota Legas.

Sanyi ya fara saukowa da asuba, jiya na shiga Ƙofar Wambai na tambayi kuɗin bargo da rigunan sanyi na gwanjo, in Allah Ya kai mu Talatar nan da su za mu haɗa, mutum 30 ne a lissafinmu kuma bargo 11 muka samu zuwa yanzu.